Idan Uwar Kwamfutar Ofis Ta Tsaya

Uwar kwamfuta ita ce mai riƙe da lissafin haraji da takardun gunduma. Idan ta ƙi tashi, malami ya duba waya da batirin ajiya tukuna. Idan kuwa takan mutu da tsakar rana, galibi zafi ne, watau ƙurar hunturu ta toshe fanka. A kashe, a zare waya, sa'an nan a hure ƙurar. Kada zafin ɗakin ya wuce digiri 27.

Amma fa faifan ajiya ne abin tsoro. In ya fara ƙas-ƙas, ko fitilarsa ta koma ruwan goro, lalle a kwafe takardu ran nan, hakimi ya aika a kira injiniya. Kada malami ya zare faifai da kansa, gama in ya zare mai lafiya, lissafin shekara na iya salwanta.