Haɗa manhajar kwaikwayon tattalin arziki daga tushe, da darasin kasuwar hatsin Gobir

Daga cikin hanyoyin da masana tattalin arziki ke bi don hango abin da wata manufa za ta haifar akwai kwaikwayo mai wakilai, wato a gina ƙaramar duniya a cikin kwamfuta, a zuba mata dubban mahalarta na ƙirƙira, magidanta da kamfanoni da bankuna da gwamnati, a ba kowannensu ƙa'idar da zai bi wajen saye da sayarwa da cin bashi, sannan a bar su su yi mu'amala rana bayan rana. Kowane mahalarci shi ne wakili, kuma manyan alƙaluma irin su hauhawar farashi da rashin aikin yi suna fitowa ne daga cuɗanyar wakilan, ba mai bincike ne ke rubuta su da hannunsa ba. Joshua Epstein da Robert Axtell sun nuna ƙarfin wannan dabara a 1996 da kwaikwayonsu mai suna Sugarscape, amma sai bayan rikicin kuɗi na duniya na 2008, wanda tsofaffin lissafe-lissafe suka kasa hangowa, aka fi ɗaukarta da muhimmanci. Ɗaya daga cikin fitattun manhajojin fannin ita ce Eurace, wadda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin ginawa daga 2006, daga baya kuma Jami'ar Bielefeld ta Jamus ta faɗaɗa ta.

Irin wannan manhaja ba ta zuwa a shirye kamar ta wayar hannu. Abin da ake samu shi ne tushen rubutu, wato umarnin da masu ginin suka rubuta a harshen da mutum ke iya karantawa da gyarawa, kuma dole ne a juya shi zuwa harshen na'ura kafin ya yi aiki. An gina Eurace a kan wani tsari mai suna FLAME da aka ƙirƙira a Jami'ar Sheffield ta Ingila, kuma galibi a kan Linux ake haɗa ta. Ana farawa da girka gcc, manhajar da ke juya rubutun harshen C zuwa harshen na'ura, tare da make, wadda ke tsara abin da za a juya da farko da abin da zai biyo baya. Sai a gina libmboard, allon saƙonni da wakilai ke liƙa tayin farashi ko neman aiki a kansa, da GSL, taskar lissafin da ke samar da lambobin ƙuri'a. Bayan haka xparser ya karanta fayil ɗin XML da ke bayyana kowane wakili da abin da yake tunawa da ayyukansa, ya fitar da rubutun C da za a haɗa. Idan komai ya tafi daidai, sai a ba manhajar fayil na halin farko da adadin kwanakin da za ta yi tafiya.

Masu wannan aiki sun san cewa da wuya ginin farko ya wuce lafiya, kuma mafi yawan cikas na zuwa ne daga saɓanin zamani tsakanin tsohon rubutu da sabuwar gcc, ko daga taskar da aka girka a wurin da make ba ta san da shi ba. Saƙon kuskure na farko shi ne abin karantawa, domin sauran ɗaruruwan da ke biye da shi 'ya'yansa ne. Wajibi ne kuma a rubuta lambar fitowar kowane ɓangare da lambar da aka soma ƙuri'a da ita, in ba haka ba babu wanda zai iya maimaita sakamakon, har da mai binciken kansa. Ga ɗalibin da ke aiki daga gabashin Sakkwato akwai ƙarin dalili na sauke komai lokaci ɗaya a adana: a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Sabon Birni da Isa, alhali kuwa da zarar tushen ya shiga kwamfuta, ginin ba ya neman intanet.

Babban amfanin wannan wahala shi ne tana buɗe ƙa'idojin wakilai a gani, kuma a nan ne garin Gangara na ƙaramar hukumar Sabon Birni a ƙasar Gobir ya zama ma'auni mai kyau. Magidancin Eurace ma'aikacin albashi ne da ke ajiya a banki, yana sayayya a babban kanti, yana karɓar tallafin gwamnati idan ya rasa aiki. Magidancin Gangara kuwa shi ne kamfani shi ne mai saye: yana noma gero da dawa da wake, ajiyarsa rumbu ce da awaki, yana sayarwa da kaka lokacin da hatsi ke arha domin biyan bashi da hidimar aure, ya dawo ya sayi tiya da tsada idan damina ta yi nisa. Bashinsa daga ɗan kwarami yake ko maƙwabci mai hali, matarsa tana da adashinta da sana'arta ta cikin gida, kuma da rani samarin gidan na tafiya cin rani su aiko da kuɗi. Polly Hill ta bayyana irin wannan tsari a bincikenta na Batagarawa ta Katsina da aka buga a 1972, ta nuna cewa ikon riƙe hatsi har farashi ya tashi na daga cikin abubuwan da ke raba mai hali da talaka. Duk wanda ya zuba alƙaluman Gobir cikin manhajar Turai ba tare da ya sauya waɗannan ƙa'idoji ba zai sami zane-zane masu kyawun gani da ba su shafi kowa a Gobir ba.

Sai kuma iyaka. Ƙasar Gobir ta ratsa Najeriya da Nijar, daga Alƙalawa, tsohon birninta da ya faɗi a 1808, har Tsibiri kusa da Maraɗi, don haka ɗan kasuwar yankin yana lissafi da naira da sefa a lokaci ɗaya, sefar kuwa a ɗaure take da yuro. Rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 bayan sauya fasalin naira, da janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, duk girgiza ce da ta sami mutane ta fuskoki dabam-dabam, mai rumbu cike da wanda ya riga ya sayar, mai asusun banki da wanda bai taɓa buɗewa ba. Lissafin da ke ɗaukar matsakaicin magidanci ɗaya ya wakilci kowa yana shafe wannan bambanci, kwaikwayo mai wakilai kuma don shi aka yi shi. Haka ma matsalar 'yan bindiga, wadda tun 2019 ta kori dubban mutanen yankin zuwa jihar Maraɗi, ana iya shigar da ita a matsayin gonar da ba a noma ba, da hanyar kasuwa da ta toshe, da kuɗin da ake ƙaƙaba wa ƙauyuka.

Ƙa'idojin da aka rubuta suna buƙatar gwaji da bayanan gaskiya. Binciken magidanta da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke gudanarwa tare da Bankin Duniya tun 2010, da farashin kasuwanni da FEWS NET ke tattarawa, sun isa a soma da su, kuma gwajin farko mai sauƙi ne: kwaikwayon da bai iya fitar da faɗuwar farashin gero da kaka da tashinsa kafin sabon amfani ba, bai cancanci a tambaye shi komai game da manufar gwamnati ba. Idan kuwa ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya tattaro nasa bayanan daga ƙauyuka, ya cire sunayen mutane da na unguwanni kafin ya ɗora tushensa a bainar jama'a, domin a yankin da ake sace mutane don kuɗin fansa, fayil da ke nuna wanda yake da buhu nawa a rumbu haɗari ne ga mai rumbun.