Zakkar Shinkafa da Bashin Taki: Tambaya Daga Kalgo

Malam, ni manomin shinkafa ne a fadamar Kalgo, noman rani nake yi da injin ban ruwa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 ban ƙara yin noma babu bashi a wuyana ba. Bara na sami buhu 60 na shanshera, amma kafin in kai ko ɗaya gida sai da na auna wa mai taki da mai fetur buhu 20. Da na zo fitar da zakka, baffana, wanda ya yi karatunsa a zaurukan Gwandu, ya ce bashi ba ya kayar da zakkar hatsi, buhu 3 ne a kaina. Wani malami kuwa da na ji a rediyo ya ce a cire bashin gona tukuna, wato buhu 2 ke nan. Na bi na rediyo, kuma ba zan ɓoye wa Malam ba, sauƙinsa ne ya ja ni. Tun ranar baffa ke cewa na ci haƙƙin miskinai, ni ma zuciyata ta ƙi kwanciya. Shin na yi zunubi? Idan malamai suka saɓa, wa talaka zai bi, littafi ko zuciyarsa?

Wani manomi, Kalgo.

Amsa:

Ya ɗan'uwana, Allah ya sa albarka a gonarka. Abin da baffanka ya faɗa shi ne mazhabar Imamu Malik wadda ƙasarmu ta tashi a kanta, haka yake a Risala ta Ibnu Abi Zaidin, kuma hujjar Malikawa ita ce, zakkar hatsi tana rataye ne da ainihin amfanin gona ranar da ya nuna, kuma masu karɓar zakka da ake aikawa a zamanin farko suna auna abin da ke fili ne ba tare da sun binciki basukan mai gona ba. Suka ƙara da cewa Shari'a ta riga ta dubi wahalar mai ban ruwa, tun da ta ɗora ushiri cikakke a kan wanda damina ta shayar masa, ta rage zuwa rabin ushiri ga wanda ya shayar da guminsa da aljihunsa, matuƙar amfanin ya kai nisabi, wato awsuƙi 5, sa'i 300, wanda a shinkafa ake aunawa har da ɓawonta kamar yadda littafin Muhtasar na Malikawa ya bayyana. Na rediyon ma ba daga kansa ya ƙaga ba, domin an ruwaito daga Ibnu Abbas da Ibnu Umar, Allah ya yarda da su, cewa mutum ya biya bashin da ya ci domin gonar sa'an nan ya fitar da zakkar saura, akwai kuma ruwaya irin wannan daga Imamu Ahmad. Saboda haka saɓanin na gaskiya ne, kuma wanda ya yi aiki da ɗayan zantukan biyu ba a kiransa macin haƙƙin miskinai.

Ina so ka tuna wa baffa, cikin ladabin da ya cancanci uba, abin da ya fi ni sani na tarihin garin da ya yi karatu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa ke Gwandu, mutum ne mai tsananin tsantseni, har ya taɓa barin rundunar jihadi wajen 1807 da nufin tafiya Makka saboda son duniyar da ya gani ya fara shiga jama'a, sai mutanen Kano suka tsayar da shi ya wallafa musu Liya'ul Hukkami. Duk da haka, da ya tsananta a kan sunayen sarauta da kaɗe-kaɗe da tufafin ado, yayansa kuma malaminsa Shehu Usmanu ya sassauta a littafinsa Najmul Ihwani, ya yi gargaɗi kada a yi inkari a kan abin da malamai suka saɓa a kansa, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya fitar da ɗan'uwansa daga sahun masu tsoron Allah ba. Wannan ladabin saɓani ne nake baƙin cikin ganin yana ƙaranci a yau, inda ake yanke fatawa a cikin minti biyu ta rediyo ko ta waya, ba a san mai tambaya ba, ba a ga gonarsa ba, ba a kuma gaya masa akwai wani zance bayan wanda aka ba shi.

Amma fa wasiƙarka ta ɗauko hukuncinta da kanta a inda ka ce sauƙi ne ya ja ka. Malaman usulu sun bambance tsakanin wanda larura ta matsa wa ya ɗauki rangwamen da wani mujtahidi ya bayar, da wanda ke bin rangwame duk inda ya ji ƙamshinsa, yau ga wannan malami gobe ga wancan, har addininsa ya zama zaɓin son ransa. Na farkon an yi masa uzuri, na biyun kuwa an zarge shi. Zuciya ba ta da ikon halatta abin da nassi ya haramta ko ta soke farilla, amma idan zantuka biyu ingantattu suka tsaya a gaban mutum, ita ce kaɗai ta san dalilin da ya sa ya miƙa hannu ga ɗaya, kuma a irin wannan wuri ne hadisin Wabisatu da ke cikin Arba'una ta Nawawi ya umurci mumini ya koma ga abin da ransa ya natsu da shi. Taka zuciyar ta riga ta ba da shaida.

Da a ce bayan biyan bashi abin da ya rage maka bai isa cin iyali ba, da na ce ka riƙe fatawar da ka bi babu ƙunci. Amma wanda buhu 40 suka rage masa bayan bashi, buhu ɗaya ba zai karya shi ba, saboda haka shawarata ita ce ka fitar da shi yanzu da niyyar cikon zakkar bara. Daga bana kuma, kafin lauje ya shiga gona, ka zaɓi malami ɗaya da ka amince da iliminsa da taƙawarsa, ka zayyana masa bashinka dalla-dalla, ka tsaya a kan abin da ya ce ko ya yi maka nauyi ko sauƙi. Idan a kan Malikiyya ka tsaya, ka sani har abin da ka biya masu yanka da masu bugu da shi daga shinkafar yana shiga lissafi. Buhun nan kuwa, matan da ke yi maka sheƙa a bakin fadama, in mabuƙata ne, sun cancance shi, da sharaɗin ka riga ka biya su ladan aikinsu cikakke, kada zakka ta tsaya a madadinsa.