Yadda Kawunan Nok Suka Koya Mini Bincike

 Edita ya roƙe ni in rubuta wani abu da zai amfani 'yan aji ɗaya waɗanda za su fara rubuta maƙalar bincike bana. Na ga babu abin da ya fi in ba ku labarin tawa maƙalar, tun daga kunyar da na sha har zuwa ranar da aka karɓe ta.

Abin ya faro ne lokacin da aka tura mu koyarwar gwaji. Aka ba ni aji biyar a wata makarantar firamare, darasin ranar kuwa a kan mutanen Nok ne. Na shirya shi daga wani tsohon littafi da na zo da shi tun daga makarantar mishan. Na rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa mutanen Nok sun zauna daga shekara ta 500 kafin haihuwar Almasihu zuwa shekara ta 200 bayan haihuwarsa. Yara suka kwafa. Ina cikin jin daɗi, sai wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya ƙirga shekarun?" Na ce mata haka yake a littafi. Ta ce, "To, shi mai littafin yana wurin?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na ce ta zauna. Malamin da ya zo duba ni yana zaune a baya, bai ce kome ba sai da muka fito. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, yarinyar nan ta ba ka kan maganar maƙalarka. Je ka nemo mata amsa."

Maƙalata ta fari na sa mata suna "Tarihin Ƙasarmu Tun Daga Farko". Shafi goma sha biyu ce, na gama ta cikin dare uku, rabi daga tsohon littafin nan, rabi daga abin da na samu a intanet ta wayar hannu. Da ta komo mini, jan biro ya kusa rufe baƙin. A gefen kusan kowane sakin layi malam ya rubuta kalmomi uku tak: "In ji wa?" A ƙasa kuma ya ce kan maganar ya yi faɗi, wanda ya rungumi kuka da hannu biyu ba zai haɗa yatsunsa ba. Sai na rage shi ya koma tambaya guda, watau yaya aka san shekarun kawunan Nok. Ku lura, 'yan'uwa, sai da na sami tambaya sa'an nan na san littafin da zan ɗauka da wanda zan bari a kan kanta.

Wannan "in ji wa" ta ba ni haushi ƙwarai da fari. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga ashe ba baƙon abu ba ne gare ni. A makarantar mishan, in ka faɗi wata magana ka ce daga Littafi Mai Tsarki take, lalle ne ka kawo sura da aya, domin wanda ya yi shakka ya buɗe ya gani da idonsa. Aikin mai bincike ke nan. Duk maganar da ba daga kansa ta fito ba, sai ya nuna mai ita, da sunan littafin, da shekarar da aka buga shi, da shafi. Na sayi kwali na yanka shi ƙanana kamar tafin hannu. Kowace magana da katinta, a sama sunan littafi da shafi, a ƙasa maganar. In kalmomin marubucin ne na kwafa, sai in sa musu alamar zance nan take, gama bayan mako biyu mutum ba ya iya rarrabe nasa da na wani, kuma ta nan ne yawancinmu muke faɗawa cikin satar rubutu ba da niyya ba.

Ga abin da katunan suka tara mini. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna a yau. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san darajarsa. A 1943 kuma aka sami wani kan a wajen Jama'a. Wani akawun haƙar kuza ya ɗauke shi ya kafa a gonar doya don ya tsorata masu ɓarna, ya yi wajen shekara guda a can kafin ya kai ga wani Bature mai suna Bernard Fagg, ma'aikacin mulki wanda ya yi karatun tonon kayan tarihi a Ingila. Fagg ya gwada shi da na 1928, ya ga aikin iri ɗaya ne, ya roƙi masu haƙa su riƙa kawo duk abin da suka tono. Shi ne ya raɗa wa wannan al'ada sunan Nok, shi ne kuma ya tsaya har aka buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952.

A nan na gane kuskurena na farko. Na faɗa wa yara "mutanen Nok" kamar sunan da suke kiran kansu ke nan. Ko kusa. Sunan ƙauyen da aka fara samun kayan ne aka ɗora musu, su kuwa ba su bar rubutu ba.

Sai maganar shekaru, wadda ita ce ta fi cin lokacina. Kowane abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana ɗauke da wani irin sinadari da ake kira kabon mai lamba 14. Muddin yana da rai, abin da ya ragu ana mayar masa ta iska ko abinci. Da ya mutu sai mayarwar ta tsaya, sinadarin ya yi ta raguwa bisa ƙa'ida, rabinsa yana tafiya cikin shekara wajen 5,730. Wani masani ɗan Amurka, Willard Libby, shi ya gano yadda za a auna abin da ya saura a lissafta shekaru, aka ba shi kyautar Nobel saboda haka a 1960. To, ga inda gizo yake saƙa. Ba kan yumɓun ake aunawa da wannan hanya ba, sai itace ko gawayi ko ƙwayar hatsi da aka samu tare da shi. Kawunan farko kuwa cikin yashi da tsakuwar da ruwa ya kwaso aka same su, inda kuza take taruwa. Ruwa ba ya tambayar shekarun abu kafin ya haɗa shi da wani. Shekarun nan da na rubuta a allo kintace ne da aka yi a zamanin Fagg daga irin wannan wuri, kuma kintace ne mai kyau bisa ga abin da yake hannunsu a lokacin.

Daga baya aka sami wuraren da ruwa bai dagula ba. A Taruga, kusa da Abuja, tonon da aka yi cikin shekarun 1960 ya fito da tanderun narkar da tama tare da gutsattsarin mutum-mutumin yumɓu, aka tabbata mutanen sun san ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu. Daga 2005 kuma masana na Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a ƙasar Jamus, a ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya, suka tona wurare masu yawa, suka auna gawayi da ƙwayoyin gero. Lissafinsu ya mai da farkon zaman mutanen baya zuwa wajen 1500 kafin haihuwar Almasihu, ya nuna an fara yin mutum-mutumin wajen 900, al'adar kuma ta ɓace wajen lokacin haihuwarsa. Watau na rage wa mutanen nan shekara dubu a gaban yara talatin da wani abu. Da na buɗe bayan shafin farko na tsohon littafina, inda ake rubuta shekarar bugu da ƙananan baƙaƙe, sai na tarar ya girmi mahaifina. Tun daga ranar ba na karanta littafi sai na fara duba wannan wuri.

Kada wani ya ce to, sai mu bar tsofaffin littattafai mu koma waya. Na sami shafuka uku a intanet da suka faɗi magana ɗaya, na yi murna na ce ga shaidu uku. Malam ya sa na jera su a kan tebur na karanta da ƙarfi. Ashe jimla ɗaya ce, har da kuskuren rubutu ɗaya a cikinta. Biyu sun kwafa daga ɗaya ne, ko kuwa dukansu daga wani na huɗu. In mutum uku suka ji labari daga bakin mutum guda a kasuwa, shaidarsu ɗaya ce a gaban alƙali.

Da hutu ya zo na tafi Jos na shiga gidan kayan tarihin, domin gani ya kori ji. Na yi wajen sa'a biyu da fensir ina zana abin da ke gabana. A hoto ban taɓa lura ba cewa ƙwayar ido huda ce, haka ƙofofin hanci, kuma cikin kan rami ne kamar tukunya. Ga ido mai kusurwa uku, ga kitso iri iri wanda har yanzu za ka ga kamarsa a kan mata ran kasuwa. Daga nan na wuce wurin wani dattijo a garinmu wanda ya yi aikin kuza yana saurayi. Na gaishe shi, na ajiye ɗan goro, na ce, "Baba, na zo neman sani ne." Ya ce sukan ci karo da irin kawunan nan a rami, waɗansu lebura kuwa tsoronsu suke ji, ba su yarda su taɓa ba. Na tambaye shi wace shekara, ya yi dariya ya ce shi bai riƙe shekara ba, amma dai kafin yaƙin basasa ne. Yaƙin ya fara a 1967, don haka na rubuta "kafin 1967", ban ƙara kome ba. Ku riƙe wannan dabara, tsofaffi da al'amura suke lissafi, kamar yaƙi ko yunwa ko naɗin sarki, kai ne za ka nemo lambar. Kuma kada ka sa wa tsoho amsa a baki. In ka ce, "Baba, ai tsoronsu kuke ji, ko?" zai ce i don ya faranta maka.

Akwai jimla ɗaya da na yi fama da kaina kafin in cire ta. Na rubuta cewa mutanen Nok kakanninmu ne, su ne kuma suka koya wa mutanen Ife aikin mutum-mutumi. Ina son maganar ƙwarai, gama ni ɗan wannan yanki ne. Malam ya ja layi a ƙarƙashinta ya ce, "Kana so ta zama gaskiya, na sani. Ina katinta?" Babu kati. Masana sun lura da kamanni tsakanin aikin Nok da na Ife, amma tsakaninsu akwai shekara wajen dubu, kuma kamanni kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka. Sai na rubuta abin da katunan za su iya ɗauka. A nan na koyi nauyin kalmomi. "An tabbata" daban, "ana zato" daban, "wani ya ce" daban, kuma wanda ya sa ɗaya a wurin ɗaya ya yi ƙarya ko da bai nufa ba.

Sau huɗu na sake rubuta maƙalar. Ta sauko daga shafi goma sha biyu zuwa bakwai, domin na zubar da duk kirarin da na cika ta da shi, irin su "ƙasarmu mai albarka" da "kakanninmu masu hikima", waɗanda ba su amsa tambayar kowa ba. Na sa tambaya a farko, shaidu a tsakiya, kowace da inda na samo ta, abin da na gani da idona a gefe guda, abin da na ji daga dattijo a gefe guda. Na ƙara ɗan sakin layi a kan masu tonon sata da suke sayar da kawunan nan zuwa ƙasashen waje, domin yanzu na gane ɓarnar: in aka fizge kai daga inda yake kwance, an raba shi da gawayin da zai faɗi shekarunsa. Na karanta wa abokin ɗakina ita da ƙarfi, duk inda ya ce "ban gane ba" na gyara.

Da zango na biyu na koyarwar gwaji ya zo, na roƙa aka mai da ni makarantar nan. Na sa yara suka buɗe littattafansu suka soke tsofaffin shekarun, na faɗa musu ni ne na yi kuskure. Na zo da gawayi da tsingaro na nuna musu yadda ake lissafin, na kuma ba su labarin binciken da aka buga a 2021, wanda ya gano alamar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanen Nok na wajen shekara 3,500. Yarinyar nan ta sake ɗaga hannu ta ce, "Malam, zumar kiwonta suke yi ko a daji suke ɗiba?" Na rubuta tambayar a kan sabon kati na sa a aljihu.