Jinkirin Tumbi: Yadda Yake da Yadda Ake Kula da Shi

A Rijiyar Lemo, kamar sauran unguwannin Fagge, mai fama da kumburin ciki yakan yanke wa kansa hukunci cewa gyambon ciki ne, ya nufi kemis. Sai dai akwai wata lalura da ake kira gastrofaresis, wato jinkirin tumbi wajen sauke abinci zuwa hanji ba tare da wani abu ya toshe hanya ba.

Yadda Abin Yake

Tumbi jaka ce ta tsoka, wadda ke dama abinci tana tura shi gaba bisa umarnin wata jijiya mai suna bagas. A jikin mai lafiya, kusan duk abincin kan bar tumbi cikin awa 4. Idan gwajin hoto ya nuna fiye da kashi 10 cikin 100 na nan bayan wannan lokaci, to akwai jinkiri. Ciwon sukari da ya daɗe yakan lalata wannan jijiya. Likita Kassander ne ya raɗa wa lalurar suna a 1958. Tiyatar ciki da ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin su ma suna kawo ta.

Alamominta sun haɗa da saurin ƙoshi, tashin zuciya, rama, da aman abincin da aka ci tun sa'o'i da dama. Haɗarin ya fi tsanani ga mai allurar insulin, domin allurar kan fara aiki alhali abinci bai isa hanji ba, sai sukari ya faɗi, majiyyaci ya suma.

Hanyoyin Kulawa

Matakin farko abinci ne. A raba shi kashi 5 ko 6 a yini, a ci kaɗan-kaɗan, a tauna sosai. Abu mai ruwa-ruwa, kamar koko da kunu da farfesu maras maiƙo, ya fi tuwo da ƙosai saurin wucewa. Mai ciwon sukari ya sha ba tare da sukari ba. A rage mai da ɗanyen ganye. Hatta lemo, gara a matse ruwansa, domin tukarsa kan dunƙule a tumbi. Kada a kwanta sai bayan awa 2 da cin abinci.

Na biyu magani ne. Likitoci kan ba da metokulofuramid ko domferidon ko eritiromaisin don zaburar da tumbi. Na farkon ba a so ya wuce mako 12, saboda yana iya haddasa motsin fuska da harshe wanda ba ya warkewa. Wannan ne dalilin da ya sa shan magani da ka yake da haɗari.

Kammalawa

Lalurar ba ta cika warkewa gaba ɗaya ba, amma ana sarrafa ta. Wanda amai ya ƙi tsaya masa, ko yake ramewa, ya garzaya asibiti, kamar Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi na iya zama silar ceton wani a gidansu.