Kafin Malka Ta Sauka: Yadda Ake Shirya Wa Tsofaffi da Majinyata a Zinyau

A Zinyau, kamar sauran garuruwan ƙasar Rano da Kibiya, tsoho a gidansa yake tsufa. Gidan gajiyayyu irin na Shahuci abin birnin Kano ne. A nan ɗakin Baba da na Iya su ne gidan jinya, surukai da jikoki su ne ma'aikata. Sai dai sau da yawa ɗakin nan shi ya fi kowanne daɗewa a gidan: ginin ƙasa, tsohuwar azara, can cikin ƙurya. In malkar Agusta ta kwana biyu tana zuba, shi ke fara shan ruwa, mai kwana cikinsa kuwa shi ne wanda ba ya iya tashi da gudu.

Don haka tun bazara ake fara aikin, da ƙidaya. Mai unguwa da liman su zauna da magidanta a rubuta waɗanda ba za su iya fita da ƙafarsu ba: mai shanyewar ɓarin jiki, makaho, kurman da ba zai ji ihu ba, tsohuwar da gigin tsufa ya kama. Gaban kowane suna a sa sunan wanda zai ɗauke shi, da na biyu in na farko ya tafi cin rani ko ya kwana a kasuwa. Wannan shi ne ƙashin bayan shirin duka. In aka bar abin a kan “ai akwai yara”, ranar da ake neman yaran kowa zai ɗauka wani ya shiga.

Daga nan sai ɗaki. Magini ya hau soro ya duba tsaga, a yi yaɓe, a share indararo, a yashe magudanar da ke bin gindin katanga, domin ruwan da ke kwanciya a gindi ya fi na sama cin gini. In da hali, a dawo da tsoho ɗakin da ke kusa da zaure. A gwada ƙofar: mutum biyu ɗauke da na uku za su wuce? Akwai ƙofofin da sai an karkata ake shiga, gara a gano haka rana tsaka.

Sai jakar tafiya, haɗa ta ba wuya. Leda mai kauri, cikinta maganin hawan jini ko na suga na kamar mako biyu, katin asibiti, takarda mai sunan maganin da lokacin shansa, tocila, bargo, tufa biyu, sabulu. A rataye ta a ƙusa, kowa ya san ƙusar. Lambar mai A Daidaita Sahu, da ta ma'aikacin lafiya, da 112 ta kiran gaggawa, a rubuta su a takarda, domin waya kan mutu.

Inda ake yawan kuskure shi ne lokacin barin gida. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda, nan maƙwabta a ƙasar Bebeji, ta ɓalle bayan mamakon ruwa. A Maiduguri, ruwan madatsar Alau cikin dare ya shiga gari ranar 10 ga Satumba, 2024. A Amurka ma, da guguwar Katrina ta 2005, mutum 35 suka mutu a gidan tsofaffi na St. Rita's kusa da New Orleans, saboda ba a kwashe su ba kafin ruwa ya iso. Mai ƙafa yana iya jira ya gani. Wanda sai an ɗauke shi, dole ya riga kowa tafiya. Shi ya sa ake tsayar da alama tun da wuri: in rediyo ya kawo gargaɗin hukumar hasashen yanayi NiMet, ko ruwa ya wuni ya kwana, ko bango ya yi gumi daga ciki, ko ƙasa ta fara zubowa daga rufi, to tsoho ba zai kwana ɗakin ba.

Zai ƙi, kuma yana da hujjarsa. Ɗakin da ya shekara arba'in ciki ba ya barinsa don an ga hadari. Ba a yi masa tsawa. Wanda yake jin maganarsa ake turawa, ya durƙusa ya ce, “Baba, yau dai a ɗakin Yaya za ka kwana, gobe in an ɗauke ruwa mu dawo.” Tsohuwa kuma mata 'yan uwanta su suturta ta kafin samari su shigo. A ɗauke ta a kan kujera ko bargo mai ƙarfi, mutum huɗu, ba a jan hannun da ya shanye. Wurin zuwa an riga an roƙa tun bazara: ɗakin bulo na ɗan uwa, ko ajin makarantar da ke kan tudu. In hanya ta yi caɓi, amalanken shanu ya fi mota.

Bayan an tsira akwai sauran aiki, domin amai da gudawa kan biyo ambaliya, kuma jikin tsoho ba ya jure rashin ruwa. Ruwan shansa a tafasa. In gudawa ta fara, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kan hanyar zuwa asibitin Rano. Wanda ke kwance a juya shi duk bayan awa biyu kada bayansa ya yi gyambo, ga gidan sauro a kansa. Mai unguwa ya kai wa dagaci lissafin ɗakunan da suka faɗi, don ya isa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA.

Ba a mayar da tsoho ɗakinsa sai bango ya bushe, magini ya sake dubawa. Takardar sunayen kuma a adana ta a gidan mai unguwa, za a sake buɗe ta da hunturu, lokacin da kaskon wuta ke kwana kusa da katifa.