Yadda ake kama ɓarawon wuta a gidan mai sola

A Madawa da Buza da Keita rana ba ta yi wa kowa rowa. Tashar sola ta Malbaza, mai megawat 7, tana aiki tun Nuwamban 2018, kuma tun da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar a Agustan 2023, faifan sola ya ƙara yawa a kan soraye da rumfunan masu cajin waya. Amma kukan ɗaya ne: batir ya cika fal da la'asar, kafin kiran assalatu fanka ta tsaya. Sai a ɗora wa mai shago laifi, a ce jabu ya sayar. Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau. Kayan da ake zaton a kashe suke, su ne ke lasar wutar dare da rana.

Gwajin farko hannu kawai yake so. Da sassafe a zaga ɗaki, a taɓa dikodar Canal+, da cajar da aka bari a soket, da bayan talabijin mai ɗan jan idon nan. Duk wanda ya kwana a kashe amma aka ji shi da ɗumi, wuta yake sha.

Daga nan sai awo. Akwai ƙaramar na'urar auna wat da ake soka wa a soket, sannan a soka kayan a jikinta. A kashe talabijin da rimot, a jira minti biyar lambar ta tsaya, a rubuta a takarda. Idan lambar tana rawa, a bar na'urar ta kwana, a duba jimillar da ta tara, a raba da yawan awoyin. Tarayyar Turai ta ƙayyade wa yawancin sababbin kaya rabin wat a lokacin da suke a kashe tun 2013, sai dai tsofaffin kayan da ke yawo a kasuwanninmu ba su san da wannan doka ba. Wat 1 da bai tsaya ba yana cin kusan kilowat-awa 9 a shekara.

Mai wutar kamfanin lantarki na NIGELEC yana da wata dabara a bangon gidansa. Mitar zamani tana da ɗan haske mai ƙiftawa, a gefensa an rubuta yawan ƙiftawar da ke cika kilowat-awa guda. Idan 1000 ne, a kashe komai yadda aka saba in za a kwanta, a zare firiji, a ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin ƙiftawa biyu, a raba 3600 da su. Minti shida, wato daƙiƙa 360, na nufin wat 10 na zurarewa.

Babban ɓarawon gidan sola shi ne inbata, akwatin da ke juya wutar batir ta koma 220. Ko ba a jona mata komai ba, muddin tana kunne tana ci. Aunata sai da mita mai baki kamar hantsaki, kuma lallai ta zama mai karanta wutar batir, wadda aka rubuta wa DC, domin masu arha da yawa wutar soket kaɗai suke gani. A yi aikin bayan magariba, lokacin da faifai ya daina bayarwa. A zare duk kayan da ke jikin inbata, a mayar da mitar kan sifiri, a kama waya ɗaya tak daga cikin biyun da suka fito daga batir. In aka haɗa biyun a baki guda, sifiri za ta nuna, mutum ya tafi yana murnar banza. Kada kuma a yi gangancin tsinka wayar a ratsa ta cikin ƙaramar mitar masu gyaran rediyo: wutar da inbata ke fizga lokacin tashi tana iya ƙona fis ɗinta nan take.

A ce mita ta nuna amfiya 1 a batir mai bolt 12. Wat 12 ke nan, sau awa 24, ya ba da wat-awa 288. Batir mai lamba 100Ah yana ɗaukar kimanin 1200, amma irin mai ruwan asid ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 600. Inbatar da ba ta kunna ko ƙwan fitila ba ta cinye kusan rabin rabon gidan. Na'urar daidaita caji ita ma tana lasa, amma cinta ɗan kaɗan ne, bai kai a tayar da hankali ba.

Da takarda ta cika, a fara da lambar da ta fi girma. Talabijin da dikoda a haɗa su a soket mai makunni ɗaya. Fitilu da cajin waya a mayar da su kai tsaye kan bolt 12, yadda za a iya kashe inbata in an tashi kwanciya. Mai sayar da ƙanƙara ko ruwan sanyi ba zai kashe tasa ba, sai ya duba ko tana da maɓallin tsimi, ya kunna shi, ya sake ɗora mita a kan wayar nan ya ga lambar da za ta nuna.