Binciken Gobarar Daji Ba Ya Yiwuwa Sai da Masu Cinna Wutar

Duk shekara, da zarar kaka ta wuce iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai a ji sanarwa a rediyo cewa an hana ƙona daji, kuma duk shekara dajin yana ci. Mu da ke aikin binciken gandun daji mun daɗe da sanin cewa ba taurin kan mutanen karkara ne kaɗai ya jawo haka ba. Ƙasar Gana ta bi hanyar doka bayan mummunar gobarar 1983 da ta laƙume gonakin koko da na abinci, ta kafa doka mai tsauri a 1990, amma har yau arewacin ƙasar yana ƙonewa kowane rani. A dajin da ciyawa ke yin tsayi da damina ta bushe ƙayau da rani, wuta za ta ci ko an so ko an ƙi. Abin da ke hannun mutum shi ne lokacinta da wurinta da ƙarfinta, kuma sanin waɗannan uku rabe yake tsakanin masana da mutanen da ke riƙe da ashanar.

Masana sun fara nasu ɓangaren tun zamanin Turawa. A 1929 an keɓe filayen gwaji a dajin Olokemeji da ke kudu maso yammacin Nijeriya, a 1936 kuma André Aubréville ya yi irin haka a Kokondekro, kusa da Bouaké a Kwaddibuwa. An raba fili uku: ɗaya an hana masa wuta sam, ɗaya ana ƙona shi a farkon rani, ɗaya sai ƙarshen rani. Bayan shekaru, wanda aka kare ya zama kurmi. Wanda ake ƙonawa a makare ya rage daga ciyawa sai tsirarun itatuwa masu jure wuta. Na farkon rani kuwa ya riƙe itatuwansa da yawa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da wutar biyu. Ta farkon rani tana tafiya a hankali a ƙasa, tana tsallake wuraren da ke da sauran danshi, raɓar dare ta kashe ta. Ta watan Fabrairu zuwa Maris kuwa, da gamba ta bushe iska na bayanta, harshenta yakan fi mutum tsayi, ta babbake kan kaɗanya da ɗorawa, ta kashe duk wani ƙaramin tsiro.

Sai dai waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a cikin shinge, ba a tambayi kowa ba, shi ya sa suka haifar da ƙa'ida mai sauƙi fiye da kima: wutar wuri mai kyau ce, ta makara muguwa ce. Sai da masanin ƙasa Paul Laris ya haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da doguwar hira da manoma da makiyaya da mafarauta a kudancin Mali aka ga ainihin abin da ke faruwa. Mutane ba su da rana guda ta ƙuna. Suna bin ciyawa ne yadda take bushewa: gajeruwar ciyawar tudu mai tsakuwa da wuri, doguwar ta kwari daga baya, wasu wuraren kuma a bar su. Dajin sai ya zama tsaki-tsaki, kuma kowane wurin da ya riga ya ƙone yana tare wutar da za ta zo a baya. Tauraron ma bai iya ganin wannan shi kaɗai ba. Na'urar MODIS ta hukumar NASA, wadda ta nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya a Afirka yake, ƙananan wuta suna kuɓuce mata. Da aka auna shekarar 2016 da tauraron Sentinel-2 mai kaifin gani, filin da ya ƙone a kudu da Sahara ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin 100 a kan lissafin farko.

Inda aka fi ganin amfanin haɗa hannu shi ne yammacin Arnhem Land a arewacin Ostiraliya. Da 'yan asalin ƙasar suka bar yankin zuwa garuruwa a ƙarni na ashirin, ƙunar farkon rani da suka gada ta tsaya, sai manyan gobarar ƙarshen rani suka mamaye dajin. Daga 2006, dattawansu da matasansu masu tsaron daji suka shiga aiki da masana irin su Jeremy Russell-Smith a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 28,000. Dattawa ke faɗin inda za a cinna da inda ba a taɓawa, masana ke auna hayaƙi da taswira, ana ƙuna a ƙasa da kuma ta jirgi mai saukar ungulu. A shekarun farko hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku.

Wani zai ce wannan magana lasisi ce ga mai ƙona daji don ya kama gafiya ko burgu. Damuwar tana da tushe, domin irin wannan wutar ce ke cinye amfanin gona a tsaye da rumbuna. Amma haramcin da bai bambance ba shi ke sa kowa ya cinna a ɓoye ya gudu, ba mai tsayawa ya ga inda ta nufa. Akwai kuma ƙalubale mai nauyi fiye da wannan, wanda na yarda da shi ɗari bisa ɗari: a yankin kiwo na Nijar, wajen Tawa da Agadas da arewacin Maraɗi, ciyawar mai shekara guda ce irin su ƙarangiya, in ta ƙone ba toho sai wata damina, abincin dabbobi na rani ya tafi ke nan. Can maganin shi ne share hanyoyi masu faɗi da ke tare wuta, kamar yadda ake yi bayan damina. Wannan bambancin kansa hujja ce, domin makiyayin da ke bin burtalin shi ya san ta inda iska ke turo wuta da inda ya kamata sharar ta bi.

Wasu kuma kan ce Ostiraliya daji ne marar mutane mai samun kuɗi don rage hayaƙi, namu kuwa gona da ruga da ƙauye ne a cakuɗe. Haka ne, kuma ba jirginsu nake so a kwaikwaya ba. Abin ɗauka shi ne yadda aka raba iko a aikin. A wurinmu hakan na nufin ardo da sarkin dawa da sarkin noma da mata masu tsintar kaɗanya su zauna da malamin daji da mai bincike tun kafin a zana filin gwaji, su faɗi tambayar da suke son a amsa, a biya su ladan aikin aunawa, sannan a dawo musu da taswirar wuraren da suka ƙone da Hausa da Fulatanci kafin ciyawar baɗi ta fara bushewa.